Sanƙarau na jarirai ba ya jiran bazara, ba ya jiran ranar suna

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san sanƙarau. Da zarar hunturu ya fara ja da baya, ƙura ta turnuƙe, zafi ya kunno kai, sai hankalin iyaye ya tashi, a riƙa taɓa wuyan yara ana tambayarsu ko kai na ciwo. Muna da dalilin jin tsoro, domin Nijar tana tsakiyar yankin da wannan annoba ta fi yi wa ɓarna, wanda ya taso daga Senegal ya dangana da Habasha. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. A 2015 kuma, mu malaman lakkwal ba za mu manta ba, sai da aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki a watan Afrilu, kuma kafin damina ta kwantar da cutar an ƙirga mutum fiye da 8,000 da suka kamu, fiye da 500 suka riga mu gidan gaskiya. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a ƙarshen 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar ta karya lagon nau'in da ya fi addabarmu a da, kuma jama'a sun ga amfaninta da idonsu.

Sai dai akwai wani sanƙarau da ba a shelarsa a rediyo. Shi ne wanda yake kama jariri a cikin kwana 28 na farkon rayuwarsa. Ba ruwansa da hunturu ko bazara, ba ya zuwa da annoba balle a ga motocin allura suna zagaya gari, kuma sau da yawa ba ya sandarar da wuya, wato ba ya nuna alamar da muka saba gane ciwon da ita. Alluran rigakafin da muka sani ba su kai gare shi ba: waɗanda suke kare yaro daga wasu ƙwayoyin sanƙarau sai ya yi sati shida ake fara su, ta sanƙarau ɗin bazara kuwa sai ya kai wata tara. Jariri ɗan kwana biyar ba shi da wata garkuwa sai nonon uwarsa, da tsabtar hannun da yake taɓa shi, da saurin mutanen gidan da aka haife shi.

Wani zai ce me ya haɗa malamin makaranta da wannan magana, ai ta likitoci ce. Abin da ya haɗa mu shi ne ƙarshen labarin a ajinmu yake faɗowa. Jaririn da ya tsira da ransa amma ciwon ya taɓa masa kunne ko ƙwaƙwalwa, bayan shekara shida ko bakwai hannunmu za a kawo shi a CI, a zaunar da shi cikin yara saba'in ko tamanin, a ce mu koya masa baƙi da wasali cikin harshen da ma ba nasa ba ne. In ya kasa, sunansa daƙiƙi. In an kira shi bai waiwayo ba, sunansa mai taurin kai. Ba mai tuna wa da zazzaɓin da ya yi tun kafin a raɗa masa suna. Ra'ayina shi ne, mu iyaye da malamai muna da abin yi a farkon wannan labari da kuma ƙarshensa, kuma yawancin abin yin bai fi ƙarfinmu ba.

Ƙwaƙwalwa da lakar da ta bi ta cikin ƙashin baya suna lulluɓe ne da wata fata mai laushi, da wani ruwa garau da yake zagaya su. Sanƙarau shi ne ƙwayar cuta ta kutsa cikin wannan fata da wannan ruwa, su kumbura, su yi mugunya. A jikin jariri ƙwayar tana fara shiga jini ne, daga nan ta haura kai, saboda garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba tukuna. Ta hanya biyu take samunsa. Ta farko daga jikin uwa lokacin haihuwa, sai ciwon ya bayyana a kwanakin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mace 15 cikin 100 masu ciki suna ɗauke da wata ƙwaya da likitoci suke kira streptocoque B, ba ta yi musu komai, amma tana iya kama jariri sa'ad da yake fitowa, kuma har yanzu ba a sami allurar rigakafinta ba. Haɗarin yana ƙaruwa in faya ta fashe aka yi fiye da awa 18 ba a haihu ba, ko uwa tana zazzaɓi lokacin naƙuda, ko jaririn bakwaini ne, ko nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba. Hanya ta biyu daga waje ce, bayan haihuwa: hannun da ba a wanke ba, rezar da aka yanke cibiya da ita, abin da aka shafa wa cibiyar, askar da ta taɓa shi, ruwan da aka ɗura masa. Ƙwayoyin hanji irin su E. coli da Klebsiella ta nan suke samun ƙofa.

Akwai kuma wasu ƙwayoyi da ba a cika gamuwa da su ba, amma in sun kama jariri ɓarnarsu ta fi muni. Ɗaya ita ce Citrobacter koseri, wadda ta yi suna wajen haifar da maruru a cikin ƙwaƙwalwa kanta, wato mugunya ta taru wuri guda ta ci naman da ke kewaye da ita. Wata kuma ita ce Cronobacter sakazakii, kuma wannan ta cancanci iyaye su san da ita, domin tana iya zama da rai a cikin busasshiyar madarar gwangwani ta jarirai. Mutanenmu na birni da yawa suna ɗauka cewa duk abin da ya fito daga gwangwani a rufe tsarkakakke ne. Garin madara ba haka yake ba. A 2022 a Amurka, ƙasar da ba ta rasa kayan bincike ba, sai da aka janye madarar jarirai mai ɗimbin yawa daga kasuwa bayan wasu jarirai sun kamu da wannan ƙwaya. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa wanda dole ta sa zai ba jariri irin wannan madara ya dama ta da tafasasshen ruwa wanda zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, ya bari ta huce kafin ya ba shi, kuma abin da ya rage ya wuce awa biyu a zubar. To, a yi tunanin kwalbar madara da aka dama da ruwan randa tun safe, tana ajiye cikin zafin watan Afrilu na Tawa ko Damagaram har la'asar. Marayan da uwarsa ta rasu wajen haihuwa, da jaririn da uwarsa ta koma aiki da wuri, su ne wannan haɗari ya fi shafa. Wadda Allah ya ba ta ruwan nono, ba abin da ya kai shi, tun daga dakashin farko da wasu suke matsewa su zubar, alhali shi ne ya fi ƙunsar abin da yake kare jariri.

Ɓarnar da ciwon yake bari tana da sababi da kowa zai iya fahimta. Ruwan nan da yake zagaya ƙwaƙwalwa yana da ƴan magudanai da yake bi. In mugunya ta toshe su sai ruwan ya taru, kuma tun da ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, sai kan ya riƙa girma fiye da ƙima yana danne ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin jini da suka kumbura suna iya toshewa, ɓangaren da suke ciyarwa ya mutu, daga nan a sami yaron da hannu ko ƙafa suka shanye, ko wanda wuyansa bai tsaya ba har ya shekara. Tabon da ya rage a ƙwaƙwalwa yana iya zama tushen farfaɗiya. Ciwon yana gangarawa can cikin kunne ya lalata wurin da yake karɓar sauti, ko kunne ɗaya ko duka biyun. Wani yaron kuma ba a ganin komai a jikinsa, sai an zo karatu a tarar abu ba ya zama a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau na bakteriya, ɗaya yana fita da wata naƙasa mai ɗorewa, kuma jarirai suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa illa. Kowace awa da aka yi ba a fara magani ba, ƙwayar tana ƙara cin wuri.

Shi ya sa alamomin suka cancanci a haddace su kamar yadda muke sa yara haddace lissafi. Jariri ya ƙi kama nono, ko yana kamawa da kyau sai ya daina. Jikinsa ya yi zafi ya kai digiri 38, ko kuma ya yi sanyi ƙalau ƙasa da 35 da rabi, domin jariri mai ciwo ba lalle ne ya yi zazzaɓi ba. Ya yi laƙwas, ba ya motsi sai an taɓa shi, ko barci ya yi masa nauyi har a kasa tashinsa ya sha. Ya riƙa wani siririn kuka mai tsini da ba a iya rarrashinsa. Maɗigarsa ta taso ta yi tauri alhali ba kuka yake ba. Numfashinsa ya yi sauri, ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lotsawa. Ya yi jijjiga, kuma jijjigar jariri wani lokaci ba ta wuce ƙiftawar ido da ba ta tsayawa ba, ko taune-taunen baki, ko hannu ɗaya yana karkarwa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka gani, ya isa a ɗauke shi zuwa likita a wannan rana, ko da tsakar dare ne.

A nan ne nake da magana da gidajenmu. Satin farko na haihuwa shi ne lokacin da ya fi haɗari ga jariri, kuma shi ne lokacin da al'adarmu ta fi ɗaure ƙafar uwa. Mai jego ba ta fita. Jaririn da ba a yi sunansa ba, wasu suna ganin fitar da shi bai dace ba. In ɗan fari ne, uwar yarinya ce ƙarama da ta koma gidansu haihuwa, kunya ta hana ta nuna damuwa a kansa gaban manya, ko da ita ce ta fara lura ya daina tsotso. Maigida yana kasuwa, ko yana ci-rani a Agadas ko Kano ko Libiya, a ce sai an same shi a salula ya ba da izini. Kuɗin da ke hannu an ware su na rago da goro. Sai a ce a bari a ga gobe, a ba shi jiƙo, a yi masa hayaƙi, a kira wanzami ya duba ko hakin wuya ne. Kafin a yanke shawarar tafiya kwana biyu sun wuce. Ban ce a watsar da wankan jego ko bikin suna ba, ni ma da su aka rene ni. Abin da nake cewa shi ne, a cikin kowane gida a kafa doka tun ciki yana wata bakwai: in jariri ya nuna alama, duk babban da yake kusa yana da izinin ɗaukarsa, ba sai an jira kowa ba. Maigida ya faɗi wannan da bakinsa gaban mahaifiyarsa da surukarsa kafin ya yi tafiya, ya bar kuɗin kabu-kabu ko na amalanke a hannun wadda za ta zauna da mai jego. Rago yana iya jira, ana ma iya yanka shi jariri yana kwance a asibiti.

Iyayenmu mata, kakannin jarirai, ku ne masu faɗa a ji a ɗakin mai jego, kuma ku kuka fi kowa sanin jaririn da ba ya cikin hayyacinsa. Roƙona gare ku biyu ne. Ku bar cibiya ta bushe da kanta, kada a sa mata toka ko man shanu ko wani abu in ba wanda ma'aikatan lafiya suka bayar ba. Sannan duk mai shigowa barka da yake son ɗaukar jariri, a miƙa masa buta da sabulu tukuna. In kaka ce ta faɗa, ba wanda zai ji haushi.

Na san abin da za a ce. Za a ce wannan ciwo ba shi da yawa, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa suna kwashe yara kullum, don me za a tayar wa mutane da hankali a kan abin da ba kasafai yake faruwa ba? Gaskiya ne ba shi da yawa. Amma alamomin da na lissafa ba na sanƙarau kaɗai ba ne, su ne alamomin duk wani mugun ciwo a jikin jariri, ko na jini ne ko na huhu. Uwar da ta san su ba sai ta san sunan ƙwaya ba, kuma matakin da za ta ɗauka ɗaya ne. Za a kuma ce asibiti kuɗi ne. Tun 2006 doka ta ce kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a Nijar. Kowa ya san sau da yawa akan tarar magani ya ƙare a rubuto maka takarda ka sayo a waje, kuma wannan abin a yi ta magana ne a kai har a gyara. Duk da haka, a auna kuɗin allurar sati uku da nauyin rainon yaron da ba zai taɓa tafiya ba, ko wanda za a riƙa saya wa maganin farfaɗiya har girmansa. Masu cewa ƙaddara ce kuwa, ba mai musun ƙaddara. Amma malamanmu na addini sun sha faɗa mana cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma ba wanda yake barin gonarsa ba shuka ya ce yana jiran rabo.

In an isa likita ma da sauran aiki. CSI na iya yin allurar farko su tura ku gaba, zuwa asibitin gunduma ko cibiyar kula da uwa da yaro ta jiha. In sun ce a wuce, a wuce a ranar. Can za a iya neman ɗibar ruwan baya da allura, domin da shi ake tabbatar da ciwon a kuma gane ƙwayar. Iyaye da yawa suna ƙi, wai shi yake gurgunta yaro. Ciwon ne yake gurguntawa, sai laifin ya faɗa kan allurar da aka yi don gano shi. Maganin kuma ta jijiya ake ba da shi, sati biyu ga wasu ƙwayoyin, sati uku ko fiye ga ƙwayoyin hanji. Bayan kwana huɗu ko biyar jariri zai iya komawa shan nono, sai dangi su fara matsa lamba a koma gida, ga aikin gona, ga yara an baro. Wanda ya katse magani a nan ya bar wuta a ƙarƙashin toka. Bayan an sallame ku, a riƙa kai shi awo ana auna zagayen kansa, a nemi a gwada jinsa da wuri, a lura ko yana firgita in an buga ƙofa, ko yana juyowa in uwarsa ta yi magana ta bayansa. A kuma roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta ciwon a takardar awon yaron, a adana ta.

Wannan takarda ita ce za ta yi mana amfani a makaranta. Ranar rubuta sababbin ɗalibai muna tambayar takardar haihuwa da sunan uba da unguwa, ba ma tambayar abin da ya sami yaro yana jariri. Tambaya ɗaya ce, kuma uwa ce take da amsarta. Na taɓa samun wani yaro a CP da aka haɗa ni da shi da shaidar cewa ba ya jin magana. Na lura kullum yana karkata kai gefe guda in ana karatu, kuma bakina yake kallo maimakon allo. Da na aika aka kira mahaifiyarsa, sai ta ce ai yana ɗan kwana tara ya yi zazzaɓi da jijjiga, sun yi kusan wata a asibiti. Ba wanda ya taɓa tambayarta, ita kuma ba ta ga haɗin wancan da wannan ba. Kunnensa na hagu ne ba ya ji. Na dawo da shi layin gaba, ta yadda kunnen dama zai fuskanci inda nake tsayawa, na riƙa juyowa in dube shi in zan yi magana. Bai zama na ɗaya a aji ba, amma ya iya karatu, kuma bulala ta sauka daga bayansa.

Abokan aikina, gwada jin yaro na farko ba ya bukatar na'ura. Ka tsaya bayansa inda ba ya ganin bakinka, ya toshe kunne ɗaya, ka faɗi wata kalma a hankali ka ce ya maimaita, sannan ku sauya kunne. Wanda ya kasa, a shaida wa iyayensa su kai shi a duba. Yaron da yake yin shiru farat ɗaya, ido a kafe na ƴan daƙiƙoƙi, sannan ya dawo bai san abin da ya wuce ba, mai yiwuwa wata irin farfaɗiya ce, kuma tana da magani. Wanda ya faɗi yana jijjiga a aji, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da tebur, kada a cusa masa komai a baki, kada kuma a bari yara su watse suna cewa ana ɗauka, domin farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko ta taɓawa. Makarantun kurame a ƙasar nan kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Yawancin waɗannan yara ajinmu ne kaɗai makarantar da za su taɓa gani.

Akwai kuma abin da makaranta za ta iya yi tun kafin a haifi jaririn. Ɗalibanmu mata na CM2, musamman a karkara, da yawansu ba sa daɗewa bayan barin aji sai a ji an ɗaura musu aure. Mazan kuma su ne masu gidan gobe da za a jira izininsu. Darasi ɗaya a shekara a kan alamomin haɗari ga jariri, a gayyato ungozomar likita ta CSI ta yi shi da Hausa, zai zauna a kansu fiye da abubuwa da dama da muke sa su kwafa. Su ma yanzu su ne masu goyon ƙannensu, kuma abin da yaro ya ji a lakkwal yakan kai shi gida. Kwamitin CGDES da ƙungiyar iyaye mata ta makaranta suna taruwa a kan kuɗin alli da gyaran rumfa, ba abin da zai hana a ware rabin awa a kan wannan.

Hukuma ma tana da nata kason. A 2020 ƙasashen duniya, har da tamu, suka amince da shirin murƙushe sanƙarau kafin 2030, kuma cikin manufofin shirin akwai kula da waɗanda ciwon ya bari da naƙasa. Muna da cibiyar CERMES a Yamai da take bin diddigin ƙwayoyin annoba. Abin da ya rage shi ne alkawarin ya sauko har ɗakin mai jego: allurar jarirai kada ta yanke a CSI, a riƙa duba uwa da jariri a ranar farko da ta uku da cikin sati na biyu kamar yadda ƙa'ida ta tanada, kuma makarantun horon malamai su koya wa sababbin malamai yadda ake gane yaron da ba ya ji sosai.

Kafin wannan ya samu, namu ya rage gare mu. Wanda matarsa ko ƴarsa ko ƙanwarsa take da ciki, ya zauna da mutanen gida tun yau a yanke wa zai ɗauki jariri in ta kama, da me za a tafi, ina za a nufa. Malami kuma, in an koma aji, ya dubi yaran nan na layin baya da aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci, ya aika a kira iyayensu mata ya yi musu tambaya. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi.